Akwatin Wuta Mai Nauyi

Sau uku ke nan kwamfutar tana mutuwa da aikin fitar da hoto ya kai kashi saba'in. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai dai fankar cikinta ta yi tsit, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, ta bar Auta tana kallon kanta a gilashi.

Auta mai zanen gini ce. Shekara shida ta yi tana zane wani yana sa hannu, sai bana ta ajiye aikin ta kafa teburinta a ɗakin da ke bayan shagon yayanta. Zanen wata makaranta mai aji goma sha biyu shi ne na farko da zai fita da sunanta, kuma ƙarfe huɗu na yammacin yau masu makarantar ke son ganin hotonsa kamar an gama ginin. Tsohuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wuni take yi a kan hoto ɗaya, shi ya sa Auta ta sayo sabuwa. Yaya, mai gyaran kwamfuta, shi ya ɗaura mata, ya haɗa da sabon akwatin wuta, mai raba wa kayan cikin kwamfuta lantarki, irin wanda yake sa wa mutane.

"Yaya, akwatin nan ne," in ji ta. "Sabuwar furosesar ta fi tsohuwar jan wuta. Da aiki ya yi nauyi sai ya sake ta."

"Karanta jikinsa mana. Wat ɗari shida. Ko biyu ce zai ɗauka."

"To me ya sa wayarsa mai baki huɗu ce, gurbin kuma mai baki takwas, sai da ka yi jone?"

Yaya mutum ne da ya fi son a taka masa ƙafa da a taɓa masa aiki. Ya kwance akwatin, ya ɗora a tafin hannu yana jinjinawa, sannan ya miƙa mata. Haka marigayi babansu yake yi. Mai gyaran rediyo ne, bai taɓa yarda da rubutun jikin kaya ba, sai ya ɗaga ya ji. Abu mai jan ƙarfe na gaske, in ji shi, hannu ne ke fara sani.

"Kin ji ko?" in ji Yaya. "Ko Baba ne zai sa albarka."

Ta ji, da nauyi kam. Ranta ya ɓaci, don agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi, kuma ba ta da wani abin zargi. Ta sake jinjinawa, ta karkata shi hagu, ta karkata dama. Nauyin duk a lungu ɗaya yake.

"Buɗe shi."

"Haba Auta, ba a buɗe wannan. Yana riƙe wuta ko an cire fulogi."

"To jira wutar ta sauka, ka buɗe. Ko ka ba ni sukundireba in buɗe da kaina."

"Ke da ko ƙwan fitila sai kin kira ni?"

"Yau zan koya."

Ya san ta tun tana goye, in ta kafe ta kafe. Ya yi tsaki, ya jira, ya gwada da mita, ya ce ta ja yatsunta baya, sannan ya ɗaga murfin.

Kayan ciki 'yan ƙanana ne, wayoyin sirara kamar zaren ɗinki. A lungun, an manna wani dunƙule da baƙin gam. Yaya ya ƙwanƙwasa shi da sukundireba, gari ya zubo. Siminti ne. Auta ta san shi ko a mafarki, kullum shi take lissafa wa magina.

Ba ta yi dariya ba, ko da yake ta zo mata har wuya. Fuskar Yaya ce ta hana ta. Tausayinsa ya kama ta sosai, don ba kaya kaɗai aka yi masa algus ba, har da abin da Baba ya bar masa.

Yaya ya miƙe. Ya shiga shago ya kashe tasa kwamfutar, wadda ko ƙura ba ya bari wani ya share mata, ya ciro akwatinta mai waya baki takwas, ya ɗaura wa Auta ba tare da jone ba, ta sake sa aikin hoton daga farko.

Ƙarfe biyu da kwata lambar ta kai sittin da tara. Auta ta riƙe gefen tebur. Saba'in. Fanka ta ƙara ƙarfi, ba ta tsaya ba. Saba'in da ɗaya.

"Yaya! Ta wuce!"

Bai zo ba. Ta leƙa, ta gan shi tsaye a ƙofar shago, simintin a hannu ɗaya, waya a kunne. Mutum tara ya sa wa irin akwatin nan, kowanne da hannunsa ya jinjina.

"Ni ne mai gyara," yake ce wa ɗaya daga cikinsu. "Don Allah kada ka kunna ta, kawo min ita yau. A'a, ba kai ka ɓata ba. Ni ne ban buɗe ba."