Ba a Ɗaga Tarkon Wani

Nadine Hostetler ta tsaya gaban teburin karɓar baƙi na gidan kula da tsofaffi da kwali a rungume, tana jiran ma'aikaciyar jinyar ta gama waya. Awa uku ta yi tana tuƙi daga Baltimore, ta haye doguwar gada, ta bi gonakin masara da ɗakunan kiwon kaji har inda titi ya ƙare a bakin ruwa. Kafaɗarta ta fara tuna mata cewa shekararta hamsin da tara.

Matar ta ajiye waya. A ƙirjin rigarta an rubuta Shirelle.

"Wurin wa, 'yar'uwa?"

"Weldon Bozman."

"Kyaftin?" Shirelle ta ɗago kai sosai ta dube ta. "Daga coci aka aiko ki?"

"Daga jami'a nake."

"Jami'a! Ikon Allah." Ta turo mata littafin baƙi. "Rubuta sunanki da manyan baƙi, don Allah. Wata huɗu rabon da wani ya zo wurinsa, shi ma na ƙarshen ɓatan ɗaki ya yi."

A cikin kwalin akwai kaset arba'in da uku, da tsohuwar rakoda, da takarda guda ɗaya. Shekara talatin da suka wuce, lokacin tana ɗalibar digirin ƙarshe a fannin al'adun gargajiya, Nadine ta yi damina biyu a rumfar Kyaftin Weldon tana naɗar hirarsa. Mai kamun ƙaguwa ne, amma abin da ya kai ta wurinsa agwagin katakon da yake sassaƙawa ne, irin waɗanda maharba ke jerawa a kan ruwa don su yaudari agwagin daji su sauko. Yana sassaƙa yana zuba, ita kuma tana canza kaset.

Makon jiya ɗakin adana tarihi na jami'ar ya rubuto mata. Za su mayar da tsofaffin sautuka cikin kwamfuta kafin su ƙaura, kuma duk kaset ɗin da mai maganar bai sa hannu a takardar izini ba, ba za su karɓa ba. Ranar Juma'a za a rufe. Yau Talata. Sun kuma gargaɗe ta kada ta ƙara kunna ko ɗaya, don zaren ya tsufa, wani ma sauraro ɗaya ya rage masa. Wannan ba sai an gaya mata ba. Na goma sha biyu a hannunta ya tsinke ranar da ta gwada kwafe shi da kanta.

Takardar kuwa, ai ta miƙa masa ita tun lokacin da take naɗar hirarsa. Ya dube ta kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Farfesa," ya ce, don haka yake tsokanarta tun ranar farko, "agwagwa ta fi dubu biyu na sassaƙa, ko ɗaya ban rubuta sunana a gindinta ba. Wanda ya san aikina ya sani. Takarda ta mutanen da ba su yarda da juna ba ce."

Ya goge tafinsa a wando ya miƙo mata, suka yi musabaha. Ranar har bakin mota tana murmushi, a ganinta an karɓe ta ta zama 'yar gida. Daga baya ta shekara talatin tana faɗa wa ɗalibai kada su kuskura su bar gidan kowa ba da sa hannu ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Farfesan ma ba ta taɓa zama ba, koyarwar kwantiragi take yi har yau, ofis ɗaya su huɗu. Littafin da ta ce za ta rubuta a kansa yana babi na uku tun kafin gashinta ya yi fari. Tun tana aika masa da katin Kirsimeti har ta daina, don kunyar tambayar da ta san zai yi.

Suna tafiya a barandar ta gaya wa Shirelle abin da ya kawo ta. Ta ce ta bincika, matarsa ta rasu, ba su haihu ba, kuma kotu ba ta naɗa masa wakili ba, saboda haka a doka sa hannunsa yana nan daram.

Shirelle ta kwashe da dariya. "Sa hannu kawai? Kin zo a sa'a. Kyaftin yanzu ko ganyen bishiya kika miƙa masa sai ya rattaba. Jiya a takardar zaɓen abinci ya sa, ya ce in kai wa gwamna da gaggawa." Ta rage murya. "Amma fa kar ki sa rai zai gane ki. Ni kullum nake masa wanka, kullum sai na sake gabatar da kaina."

Yana zaune a kujerar guragu a gefen taga, an rufe masa gwiwa da bargo. Tagar ba ruwa take kallo ba, wurin ajiye motoci take kallo. Mutumin da Nadine ta sani yana cika ƙofar rumfa da faɗin kafaɗa, yanzu rigar sanyi ta yi masa yawa. Hannayen ne kawai ba su canza ba, manya, duk tabon wuƙa. A kan durowa akwai agwagwar katako guda ɗaya, fentinta ya koɗe. Daga bakin ƙofa Nadine ta gane ta shekarun farko ce, saboda yadda wutsiyar ta ɗan karkace hagu. A duk faɗin ƙasar nan mutum biyar ne ko shida za su iya gane wannan, kuma ba ta magana da ko ɗaya daga cikinsu.

"Kyaftin, ka yi baƙuwa," in ji Shirelle. "Ka kama kanka, mai ilimi ce."

"Mai ilimi? To me ta zo nema wurin matattu?" Ya dubi Nadine da fara'a irin wadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. "Zauna, baiwar Allah. Inshora kike sayarwa?"

"Nadine ce, Kyaftin. Farfesa."

"Madalla," ya ce, ba tare da sunan ya taɓa komai a fuskarsa ba.

Ta san za a yi haka, an ma gaya mata, amma sai da abin ya soke ta. Shi kaɗai ya rage a duniya da ya san ta tana da shekara ashirin da tara.

Shirelle ta fita. Nadine ta shimfiɗa takardar a kan ɗan teburin da ke gabansa, ta ajiye biro. Kafin ta buɗe baki ya riga ya ɗauka, ya gyara zama, ya ɗora bakin biron daidai kan layin. Mutumin da ya ƙi rubuta sunansa a kan agwagwa dubu biyu. Saura daƙiƙa biyar kawai, shi ke nan, sai ta kama hanyar gida kafin motoci su cika gada.

Sai ta ga tafinta ya rufe takardar.

"Tsaya, Kyaftin. Ka fara jin abin da za ka sa wa hannu."

Tana faɗa tana jin haushin kanta. Ta ciro rakodar, ta zaɓi kaset na bakwai, ta saka a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ta danna.

Aka fara jin shuuu, sannan ƙarar wuƙa tana cin katako. Sai murya ta cika ɗakin, kakkaura, mai gishirin teku.

"…to ina gaya miki, Farfesa, wannan agwagwar da na yi a shekarar da ruwa ya daskare, don kyau, wani namijin agwagwa ya sauko ya yi kwana uku yana neman aurenta. Kwana uku! Yana kawo mata ciyawa, tana share shi. Na ce masa, ɗan'uwa, haƙuri za ka yi, ni ma haka matata Geneva ta yi mini."

Wata yarinya ta fashe da dariya a cikin kaset ɗin, dariya mai yawa har da shaƙewa.

Tsohon ya karkata kai, biron yana hannunsa. "Wane ne wannan?"

"Kai ne, Kyaftin."

"Ni? Haba." Ya yi tsaki. "Na san labarin nan. Kwana biyu ne. Wannan mutumin ya ƙara gishiri." Amma ya matso da kunnensa, bakinsa yana motsi. "Ƙara sauti. Maƙaryaci ne, amma ya iya."

Suka saurara. Muryar ta bar agwagi ta koma kan ƙaguwa, yadda kowane mai jirgin ruwa yake da launin fentinsa a kan alamar da ke yawo a kan ruwa saman tarkonsa, da labarin wani mutum da ya ɗaga tarkon maƙwabcinsa sau ɗaya tak, don ya ga ko ya kama. Bai ɗauki ko ƙaguwa ɗaya ba. Shekara tara ba wanda ya amsa gaisuwarsa a shago, har ya sayar da jirginsa ya bar garin.

"Daidai ne," in ji tsohon, yana buga teburin da yatsa. "Nan bai yi ƙarya ba."

Wani wurin sautin yakan yi rawa, ya nutse, ya dawo. Nadine ta san abin da hakan ke nufi, kowane juyi na zaren yana tafiya da wani abu. Duk da haka ba ta tsayar ba. Rabonta da jin muryar nan shekara biyar, kuma ta manta ashe tana dariya haka. A gidanta rediyo ne ke magana, ita sai ta yini ba ta ce uffan ba in ba ranar aji ba ce.

Rakodar ta yi ƙas, gefen farko ya ƙare. Ta janye hannunta daga kan takardar.

"Abin da takardar ta ce ke nan," ta ce. "Ka yarda a ajiye wannan maganar a jami'a, duk mai so ya saurara, har bayan ba mu."

Ya dubi takardar, ya dubi rakodar. Sannan ya ajiye biron, ya tura shi gefenta da yatsa ɗaya.

"A'a, baiwar Allah. Wannan ba tawa ba ce."

"Muryarka ce, Kyaftin. Wallahi kai ne. Ga agwagwarka can a kan durowa, Geneva matarka ce…"

"Ke ba ki ji abin da mutumin ya faɗa ba? Ba a ɗaga tarkon wani." Ba faɗa yake yi ba, lallashinta yake. "Maganarsa ce, shi zai ba ki. Ki je ki same shi. Daga jin muryarsa mutumin kirki ne, ba zai hana ki ba."

Nadine ta dubi rakodar. Da ƙyar ta ce, "Na tambaye shi tun da daɗewa."

"Ya ce me?"

"Ya ce takarda ta waɗanda ba su yarda da juna ba ce. Ya miƙo mini hannu muka yi musabaha."

"To!" Ya buɗe tafukansa, fuskarsa ta washe. "Ai ya ba ki ke nan. Me kuma kike nema?"

Shirelle ta turo ƙofa da ƙafa, da tire a hannu: miyar ƙaguwa, burodi, da kofin shayi mai sanyi. Ta ajiye, ta zaro takardar zaɓen abincin gobe.

"Kyaftin, kaza ko kifi?"

"Kifin nan naku bai taɓa ganin ruwa ba. Kawo nan." Ya karɓa, ya ɗauki biron Nadine, ya rattaba sunansa a ƙasa, Weldon T. Bozman, manyan baƙi masu kyau har da ja musu layi. "A kai wa gwamna."

Shirelle ta dubi takardar izinin, ta ga layin fayau. Ta sunkuyo kusa da kunnen Nadine.

"Ya ƙi? Bari ki gani. Bayan ya ci abinci zai manta komai. Ki ba ni in haɗa da tawa in miƙa masa, minti ɗaya ba za a yi ba. Wa zai sani?"

Gaskiya ta faɗa, babu wanda zai sani, har shi kansa. Nadine ta dubi layin ta daɗe. Ta tuna Juma'a, ta tuna babi na uku, ta tuna kaset na goma sha biyu da zarensa ya zubo mata a tafi. Sannan ta ninke takardar gida huɗu ta cusa ta a gefen kwalin.

"Na gode, 'yar'uwa. Bar shi."

"Ke kika sani," in ji Shirelle, ta ɗaga kafaɗa ta fita.

Tsohon ya sha miya cokali biyu, ya ture kwanon. Idonsa yana kan rakodar.

"Yarinyar nan mai dariya," ya ce. "Ita kuma ina ta shiga?"

"Tana nan. Ta tsufa."

"Kowa ma haka. Tana da dariya mai daɗi. Daga ji yana jin daɗin zamanta, shi ya sa yake ta zuba ƙarya." Ya goge baki da bargon. "Tana zuwa ganinsa?"

Nadine ta dubi kwalin. Kaset arba'in da biyu masu rai, wataƙila kowanne sauraro ɗaya ya rage masa, kuma ranar Talata ba ta da aji.

"Ta daɗe ba ta je ba," ta ce. "Amma za ta riƙa zuwa. Duk Talata."

"To ki gaya mata kar ta yi nawa. Mutum ba dutse ba ne." Ya nuna rakodar da cokali. "Juya mana, mu ji ƙarshen ƙaryarsa."

Ta ciro kaset ɗin, ta juya shi, ta danna.