Asabar ɗin da Baba Bai Hau Dutse Ba

Baba ya rasu ranar Asabar bayan sallar asuba, yana zaune a kan dardumarsa. Kafin rana ta ɗaga gidanmu na unguwar Ali Kazaure a Jos ya cika. Mata suna tsakar gida, maza suna waje, yayana Sharafaddeen yana kai da kawo tsakanin masu haƙa kabari da mai yankan likkafani. Ni kuwa ina tsugune a ƙofar ɗakin, ko hawaye ya ƙi zuwa mini. Can na hangi takalman da Baba yake hawan dutse da su a gefen randa. Na tuna Baba Sylvester.

Shi ne aminin Baba tun kafin a haife ni. Ibo ne, a da yana sayar da zare da maɓalli da zif a shagon da ke manne da shagon ɗinkin Baba, kuma tun suna samari suke hawan wani dutse a bayan Naraguta duk Asabar. 'Yan unguwa kallon masu taɓin hankali suke musu. Magidanci mai iyali ya tafi yana rarrafe a kan duwatsu kamar akuya, ba itace zai samo ba, ba farauta ba! Da rikicin shekarar dubu biyu da ɗaya ya raba garin, Baba Sylvester ya kwashe iyalinsa daga unguwar Congo-Russia ya koma cikin 'yan'uwansa Kiristoci. Shi ba ya shigowa unguwarmu, Baba ba ya shiga tasu. Dutsen ne kaɗai ya rage musu. Kowa ya hau ta ɓangarensa su haɗu a sama, wanda ya riga isa ba ya sauka sai ɗayan ya zo. Kuma ba a hawa da waya. Wannan dokar Baba ne ya kafa ta, wai bai hau dutse don masu ɗinki su riƙa bin sa da mita ba.

Ke nan mutumin yana can sama yana jira, mu kuma muna shirin binne wanda yake jira.

Na leƙa zaure na yafito Sharafaddeen.

"Yaya, Baba Sylvester yana kan dutse. Bai sani ba."

Ya dube ni da jajayen idanu. "Madina, yanzu da wanne zan ji? Kawu Mustapha kaɗai muke jira ya iso daga Bukuru. Yana sauka daga mota za a yi sallah a kai shi. Ba za a ajiye Baba don kowa ba."

"In ya zo fa, za a bar shi ya shiga?"

"Ya zo mana. Ni da kaina zan tsaya kusa da shi. Amma wa ya san hanyar?"

Ni na sani. Ina yarinya Baba ya sha tafiya da ni, kafin Goggo Tabawa, ƙanwarsa, ta ce ya daina mayar da 'ya mace biri. Ita ɗin ce ma ta riƙo gefen hijabina a bakin ƙofa, ta ce ina za ni ubana yana kwance. Na ce yanzu zan dawo. Na ji ta tana salati a bayana, ban waiwaya ba.

Ɗan acaba ya sauke ni inda hanyar ta ƙare, ya yi ta kallona kamar ya tambaye ni ko lafiya. Na bi ta tsakanin shingen ƙyarana, na ratsa gonakin accan da aka daɗe da girbewa, ƙasar ta bushe ƙamas. Daga nan sai dutse. A tunanina na yarinta hanya ce sosai. Ashe ba wata hanya, sawun mutane ne kawai da ya goge fuskar dutsen ya bar fari-fari, wani wurin ma sai ka tsaya ka neme shi. Na tattare zanina na ɗaure hijabin a ƙugu, na kama hawa da hannu da ƙafa.

Rana ta fara cizo. Ba inuwa, sai 'yan ƙayoyi da suka maƙale a tsaguwar duwatsu, da ƙadangaru masu jan kai suna yi mini gyaɗa kai. Ban yi nisa ba silifas ɗina ɗaya ya tsinke. Na jefar da shi, na jefar da ɗan'uwansa, na ci gaba ba takalmi, dutsen yana gasa mini tafin ƙafa. Ina hawa ina lissafin motocin Bukuru. In Allah ya sa motar ba ta cika da wuri ba, in an tsaya ɗaukar fasinja a hanya, in Kawu ya tsaya neman hularsa kamar yadda ya saba. Ban taɓa roƙon Allah ya makarar da mutum ba sai ranar.

Akwai wani wuri da manyan duwatsu biyu suka jingina da juna, suka bar 'yar kafa da sai an karkace ake wucewa. Baba yana kiran wurin ƙofar marowaci. A cikinta ne, fuskata manne da dutse mai sanyi, kuka ya zo mini. Na yi shi sosai, har da shessheƙa, kuma na ji haushin Baba. Duk dattawan duniya suna hira a kan benci a ƙofar gida, shi sai da ya kai tasa hirar inda sai an zubar da jini kafin a isar da saƙo. Na share fuska na fita ta ɗaya gefen.

A sama iska ce mai ƙarfi, garin Jos duka yana shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano yana walƙiya. Baba Sylvester yana zaune a inuwar wani ƙaton dutse, ya miƙe ƙafa, kansa ya yi fari fat fiye da yadda na san shi. Ya shimfiɗa leda, ya ajiye filas da kofi biyu da ayaba da gyaɗa.

"A-a! Madina!" Ya washe baki. "Wannan tsoho ya zama oga ne yanzu, sai aiko wakili? Tun safe ina nan, shayi ya yi sanyi. Zauna, zauna."

Numfashina ya ƙi barina in yi magana. Ya tsiyaya shayi ya miƙo mini, sai idonsa ya sauka a kan ƙafafuna da suka farfashe. Hannunsa ya tsaya a iska.

"Ina babanka?"

"Baba Sylvester, Baba ya rasu. Yau da asuba."

"A'a," ya ce. "A'a. Satin da ya wuce ya riga ni zuwa nan, yana mini dariya." Ya ajiye kofin a hankali, ya rasa inda zai sa hannunsa, ya kira Allah da yarensu, ya kira sunan Baba. "Chineke. Ibrahim." Sai kuma ya zabura. "Yaushe za a binne?" Bai jira amsata ba, ya daɗe a cikinmu, ya san al'adarmu. "Mu a gida sai a yi wata ana shiri. Ku ba kwa jira. Tashi mu je."

Ya bar filas ɗin da komai a nan, ya nufi hanyar da na biyo, wadda rabonsa da ita tun kafin rikici. Sai a lokacin na gane abin da ban lissafa ba. Saukar ta fi hawan wuya, kuma gwiwoyinsa sun tsufa. Inda ni zan dira shi sai ya zauna ya sulale da mazaunai, wandonsa yana yagewa, yana nishi, yana ce mini in wuce kar in jira shi. In wuce in je in ce me? Na riƙe masa hannu a wuraren santsi, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Mun wuce ƙofar marowaci da kaɗan muka fito kan wani faffaɗan dutse da ake hango gefen gari daga kansa. Ni na fara gani. Can ƙasa, a bakin maƙabarta, farar motar masallacin unguwarmu ta tsaya, wasu motoci da babura a bayanta. Maza suna saukowa, ƙanana kamar tururuwa, sun ɗaga makara a kafaɗa.

"Su ne?" ya tambaye ni.

"Su ne."

Ya yi kamar zai ci gaba da sauka, ya taka sau biyu ya tsaya. Ko yaro mai gudu ba zai isa ba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Me kuke cewa a nan? Koya mini."

Na ce, Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Ya faɗa, ya sake faɗa. Hawaye yana bin kuncinsa bai share ba.

"Madina, tun safe ina zaginsa a zuciyata," ya ce. "Na ce shi ke nan, shi ma ya gaji da ni kamar sauran. Na ce yau in ya zo ba zan ba shi shayi ba."

Tausayinsa ya danne nawa baƙin cikin. Muka tsaya a ranar nan, shi da ni, muna kallon mutanen sun yi da'ira sun sunkuya, jar ƙasa tana tashi. Sun daɗe. Daga baya suka fara watsewa, motocin suka juya ɗaya bayan ɗaya, wurin ya koma ba kowa.

Baba Sylvester ya kare rana da tafin hannu, ya ƙanƙance ido.

"Idona ba ya gani nesa yanzu. Wanne ne nasa? Nuna mini, in san inda zan riƙa duba."

Na duba, na sake dubawa. Akwai sababbin kaburbura da yawa a jere a wannan gefen, duk tudun jar ƙasa iri ɗaya. Yana tsaye yana jira, ya kafa ido a kan hannuna, ni kuwa na kasa ɗaga shi.