Keken da Aka Ƙona wa Jinshui

Da aka tashi daga zaman makokin Jinshui, matarsa Baolian ta ƙona masa duk abin da ake ƙona wa mamaci a al'adarsu don ya samu na amfani a lahira: gidan takarda mai bene, riguna, da jan keken lantarki na takarda da gora, irin wanda ya yi shekaru yana hawa zuwa aiki. Dangi suka ce ta fita kunya.

Da ta koma aiki ta fara ganinsa. A gadar kogin Jiulong ne, da safe, lokacin da kekuna ke cunkushewa har gwiwar wani tana gogar ta wani. Yana gefe, hular kwano a karkace, yana tura jan keke a hawan gadar, gumi ya jiƙe masa baya. Kafin ta kutsa ta isa, bas ta gitta, babu shi. Gobe haka, jibi haka. Ba tsoro ta ji ba, tausayi ne ya hana ta cin abinci. Mutumin da ciwon zuciya ya kashe, a ce har yanzu yana turin keke?

Ta je shagon Kawu Tu, tsohon da ke haɗa kayan takardar matattu.

"Kawu, keken da ka yi masa ya tsaya a hanya."

"Kin ƙona masa caja?"

Ta girgiza kai.

"Kin ji ki. Kin ba mutum keke ba caja, da addu'a zai cika batir?"

Ta ƙona caja. Washegari ga Jinshui yana turi.

Da ta koma shagon, ta tsaya ƙare wa kekunan takardar da ke rataye kallo, sai ta lura babu mai feda ko ɗaya.

"Kawu, ina feda?"

"Wace feda? Yaran yanzu ranar da suka sayi keke suke kwance ta. Abin da na gani a titi shi nake yi."

"Nasa ba irin nasu ba ne. In ba ka taka ba, injin ba ya tashi."

Tsohon bai ƙara tsokanarta ba. Ya lanƙwasa gora, ya manna baƙar takarda, ya miƙa mata feda biyu.

"Ki ƙona yau, 'yata. Kada ya ƙara kwana a hanya."

Ba ta ƙona ba. Ta sa su a kwandon kekenta, ta rufe da rigar ruwa. Ta san abin da take yi, kuma tana jin kunyarsa. Amma a duk faɗin birnin Zhangzhou, gadar nan kaɗai ta rage inda take ganin mijinta, ko da ƙeyarsa ce. Kullum sai ta ce gobe.

Wata safiya ya tsaya a tsakiyar hawan. Ya jingina da sirdi, ya dafe ƙirji, bakinsa a buɗe yana neman iska. Kekuna suna ta wuce shi, babu wanda ya ko waiga.

Da yamma ta tsuguna a ƙofar gida, ta kunna turare, ta jefa fedar a garwar ƙona takarda. Ko minti ba su yi ba suka zama toka.

Da sassafe ta kafe kekenta a gefen gadar tana jira. Sai ga shi a kan sirdi, riga a bushe, yana taka feda cikin nishaɗi, yana ratsa cunkoson kamar saurayi. Ya zo dab da ita har iskarsa ta kaɗa mata gashi.

"Jinshui," ta ce.

Ya kaɗa mata ƙararrawa, yadda ake yi wa wanda ya tare hanya. Ta matsa masa, ya wuce.