Teburin Mai Kemis

Kafinta ya goge rubutun 'yarsa na farko da sanfefa, ya kuma bi ta da ranƙwashi. Kuskuren ke nan, babu kwana-kwana.

Shekararta biyar lokacin. Kullum bayan la'asar tana ƙarƙashin bencin aikinsa, garin katako har cikin kitso, tana zana baƙaƙen da uwarta ke koya mata a gida. Ran nan yana gyangyaɗi ta zare fensirin da ke maƙale a kunnensa, ta yi rubutu a ƙofar kabad ɗin mutane. Shi kuwa ban da lambobin tef ɗin awo babu abin da ya iya karantawa.

Da ya koma gida matarsa ta ce, "Ka san abin da ka goge? Baba ta rubuta. Sati biyu tana koyo don ta nuna maka."

"Takarda ta ƙare a duniya ne?" in ji shi.

Yarinya ta yi karatu har ta zama malamar makaranta. Amma ƙarƙashin bencin nan ba ta ƙara shiga ba, ko wasiƙa aka aiko masa sai dai ya kai wa maƙwabci.

Bayan shekara talatin Malama ta leƙo shagon da 'yarta ƙarama. Suna cikin gaisawa, jikar ta tsinci ƙusa ta karce saman teburin mai kemis, wanda fenti kawai ya rage. Ga mai kemis ɗin tsaye, ya zo dubawa.

Malama ta fizgo 'yar ta ɓoye ta bayan zaninta. Kafinta ya ga wannan ɓoyon, ya ji shi har cikin ƙashi.

"Sa sanfefa mana, minti biyu ne," in ji mai kemis.

"Ke amarya, zo nan. Me kika rubuta?"

"Tsoho."

"Ja'ira! Ni ne tsohon? Nuna min, daga ina ya fara?"

Jikar ta kama yatsansa mai kanta tana bi da shi, baƙi bayan baƙi. Malama ta juya tana kallon bango.

"Wannan teburin ba ya fita," kafinta ya ce wa mai kemis. "Ka ba ni sati, in yi maka wani."

Mai kemis bai ba shi ko kwana ba. Shekara goma sha biyar yana kawo masa aiki, daga ranar ya koma shagon tsallaken titi, ya ja ƙannensa biyu suka bi shi.