Takwaran Lado a Tsibiri

Shekara huɗu Lado yana gadin wani dogon gini a Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya iya bayan ɗaga sandar ƙofa. Da sun tambaya da sun sha labari, don a garken awaki ya tashi, can Illela.

Wata Talata da hantsi, Manolis, injiniyan nan ɗan ƙasar Girka da ke hawa na shida, ya tsaya bakin ƙofa riƙe da waya, ido ya yi jawur. Mahaifiyarsa ce, Froso, ta kira daga ɗan tsibirinsu. Can hunturu ne. Baƙi masu yawon buɗe ido sun watse, shaguna a rufe, likitan dabbobi ya tattara ya bar garin tun da tattalin arziki ya karye, iska kuma ta hana jirgin ruwa zuwa kwana biyar. Tsohuwa akuya ɗaya tal gare ta, nononta da cukunta su ne cimarta har sanyi ya wuce. Ga akuyar kwance tun asuba, haihuwa ta gagara.

"Yallaɓai, juyo wayar in gani," in ji Lado da Turancinsa na gadi.

Manolis ya dube shi sama da ƙasa. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

A bidiyon wayar, Lado ya ga kan ɗan akuyar ya leƙo da ƙafa ɗaya. "Ɗayar ta lanƙwashe ciki. Ka ce wa Mama ta jingina wayar, ta wanke hannu, ta shafa mai. Akwai man gyaɗa?"

"Sai na zaitun."

"Shi ma mai ne. Yalla, maza!"

Lado na faɗa, Manolis na fassarawa, tsohuwa na yi. Ta tura ɗan ciki a hankali, ta lalubo ƙafar, ta miƙe ta. Motoci uku suka yi layi suna ta hon, Lado ko waiwaye.

"Kar ta ja sai uwar ta yi nishi. Yanzu!"

Ɗan bunsuru ya sulɓo kan tsohon bargo, shiru, ba motsi.

"Ta share masa hanci, ta murza shi da tsumma. Da ƙarfi!"

Sai ga atishawa, sai ga kuka siriri. Uwar ta ɗago tana lasarsa. Manolis, ƙato da shi, ya rungume mai gadi yana hawaye.

Washegari ya zo da saƙo: tsohuwa ta raɗa wa bunsurun suna Lado, don girmamawa.

"Bunsuru? Ni?" Lado ya ɓata rai. "A garinmu wannan sai an kai ƙara."

Ɓacin ran bai kai azahar ba. Yanzu duk direban da ya tsaya sai Lado ya nuna masa hoton bunsurun kafin sanda ta ɗaga. Shi kuwa Manolis, kullum da safe tambaya ɗaya ke jiransa a ƙofa:

"Yallaɓai, takwarana ya sha nono?"