Hawayen Badaru a Ranar Teku

Ni ne na haƙa kabarin matar Badaru. A fara da wannan, don kada in gama magana wani ya buɗe baki ya ce Mansur ba shi da imani. Ni na goya Khadijatu a babur daga Dingyaɗi zuwa asibiti, uwarta na riƙe da ita ta baya. Ni na karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gidansa. Shi yana ina? Yana can tsakiyar teku, cikin wani jirgin ruwa da masu hali ke shiga ba don za su ko'ina ba, don kawai su huta.

Tare muka tashi da Badaru, fadamarmu ta albasa na jikin tasu. Ya tafi Legas aikin kicin a otal, daga nan aka yi masa hanya ya shiga jirgin. Shekara shida. Da ya dawo bara, sai ya zo ya zauna cikinmu a rumfar albasa da ke bakin titi a Boɗinga, inda muke jiran motocin Kudu. Kafin wata guda ya ƙwace majalisar. Ni da nake mai labari a da, in na fara magana sai wani ya ce, "Bari Badaru ya ƙarasa." Wallahi abin ya ci min rai, ban ɓoye ba.

Labarin da suka fi so shi ne na ranar teku.

"Ran nan jirgi ba ya tsayawa ko'ina," in ji shi. "Ruwa gabas, ruwa yamma. Mutum dubu ukku, ba mai aikin fari balle na baƙi. Tun da sahe an tura ma kowa takarda ta ƙarƙashin ƙohwa, an rubuta mashi abin da za shi yi awa bayan awa."

"Kamar mi?" Malam Lukman ke tambaya, wani malamin firamare da aka turo mana daga cikin gari, wanda ya fi zama rumfarmu a kan aji.

"Wasu su tashi da asuba su yi ta zagaya jirgi da sauri, zagaye goma, su dawo inda sunka tashi. Wasu su shahe jiki da mai su kwanta cikin rana kamar an shanya kilishi. Ci kam sau bakwai. Akwai wurin wanka saman jirgi, ruwa cikin jirgi, jirgi cikin ruwa, sai a tara ƙattai masu tumbi su riƙa faɗawa da ciki, wanda ya fi watsa ruwa a ba shi kyauta. Tsohuwa mai jikoki ta zauna awa guda ana koya mata naɗe tawul shi zama giwa."

Rumfa ta kece da dariya. Shi kuwa ba ya dariya sosai. Ya kan ce, "Mutanen ga ba abin da sunka fi tsoro kamar su zauna shiru."

In an tambaye shi nasa aikin, sai ya ce yana can ƙasa, kicin, ko rana ba ya gani.

Abu guda ne a ran Badaru, kowa ya sani: ɗiyarsa Nusaiba. Tana 'yar shekara tara uwar ta rasu, kakarta Inna Safiyya ta tafi da ita Shagari. Da ya dawo ya iske budurwa 'yar sha uku wadda ba ta ɗaga kai ta dube shi. Kowace Juma'a yana kan hanyar Shagari. Ya durƙusa gaban Inna, ya ce saƙon ya iske shi tsakiyar ruwa, ba tudu ba hanya, ya ce Allah ne shaidarsa ya yi wa Khadijatu kukan da bai taɓa yi wa kowa ba. Kusan shekara yana wannan zirga-zirgar kafin yarinyar ta fara kawo masa ruwa da hannunta. A ƙarshe Inna ta ce in an yi hutun makaranta ya zo ya ɗauke ta. Ya yi wa ɗaki siminti, ya sayi gado. Ya kai ni in gani. A kan gadon ya ajiye sabon tawul, ya naɗe shi ya zama giwa, har da kunnuwa.

Saura kwana goma a yi hutun na ga bidiyon. Sunan jirgin na rubuce a wata riga da yake sawa, ni kuma na zauna ina latse-latsen waya, na buga sunan. Ina ta wucewa, sai ga Badaru.

Yana tsaye a saman jirgi, bakin wurin wankan nan, gabansa tebur da tulin albasa. A kansa wata hula ce ja, an ɗinka ta kamar kan albasa, har da koren ganye a tsakiya yana lilo. Mutane sun kewaye shi rabin tsirara, kowa da kofi a hannu. Wani mai lasifika na ta ihu. Badaru na yanka, wuƙa na gudu ba ka ganin ta. Sai hawaye, sharr, har haɓa. Wurin ya kaure da shewa, ana tafi, ana tsalle. Wata tsohuwa ta rungume shi, aka miƙa mata wani ɗan kofin roba mai ruwan zinariya. Shi kuma ya sunkuya ya yi gaisuwa, ganyen hular ya faɗo masa kan hanci.

Wanda ya ɗora bidiyon ya rubuta ranar a ƙasa. Na san ranar. Ni na tura masa saƙon rasuwar da safiyar ranar, kuma na ga alamar ya karanta.

Na same shi shi kaɗai a rumbun albasarsa yana tsince ruɓaɓɓu. Na miƙa masa wayar. Bai kalla har ƙarshe ba. Ya zauna a ƙasa, dirshan.

"Ka san idona," ya ce. "Tun muna yara albasa ba ta sa ni hawaye."

Na sani. Lokacin da muke ƙanana har murza masa ita muke yi a hanci don mu gani, ko gezau.

"Wani babba ya lura a kicin. Sai sunka maida shi wasa. Duk ranar teku ƙarhe ukku, a hau da ni sama a sa min hular ga. Fasinja su zaɓo albasa mai zahi, wanda tashi ta sa ni hawaye shi ya ci. Wata goma sha ɗaya, Mansur, ba wanda ya ci. Ran nan na karanta saƙonka, na tahi wurin mai kula da wasanni na ce matata ta rasu, a ɗaga min yau. Ya dafa kafaɗata, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya ce amma an riga an buga a takarda, mutum ɗari huɗu na jira, minti ashirin ne kawai. Sai na hau."

"Ka hau," na ce.

"Na hau. Ina yanka ina ganin fuskarta. Ba albasa ba ta, wallahi ba albasa ba ta." Ya goge hannu a riga. "Daga ran nan sunka cire ni daga wasan. Sunka ce tunda an ga ina iya kuka, ba sauran daɗi."

Ya kama ƙafata. Badaru, mai majalisa, ya kama ƙafata da hannu biyu. Ya ce in rufa masa asiri don Allah don Annabi, ko zuwa yarinyar ta tare, shi zai faɗa mata da bakinsa in ta saba da shi. Na ce haba, ni da kai? Na ce ko matata ba za ta ji ba. Kuma a lokacin da gaske nake, na rantse.

To, sai aka yi kwana uku mota ko ɗaya ba ta shigo ba, wai gada ta karye a hanyar Kudu. Ku da ba ku taɓa zaman rumfa babu mota ba, ba ku san zama ba. Mun ci gyaɗa, mun sha rake, mun yi dara har ramukan suka zurma. Mun zagi gwamnati, mun zagi 'yan ƙwallo, mun gaji. Rana ta uku bayan azahar kowa ya miƙe kan buhu yana hamma, Badaru kuma ya tafi sayen labulen ɗakin ɗiyarsa. Malam Lukman ya ce, "Yau da Badaru na nan da ya ba mu na teku."

Wayar na aljihuna kamar garwashi. Na ce, "Ku matso in nuna muku na tekun da bai ba ku ba."

Ban taɓa ba mutane dariya irin ta ranar ba. Malam Lukman ya faɗo daga kan buhu. Aka ce a maimaita, aka maimaita sau shida, kowa na jiran inda ganyen zai faɗo kan hanci. Sai na ƙara da cewa su dubi ranar da kyau, ranar da matarsa ta rasu ce. Aka shiga salati, irin salatin da ake yi baki na murmushi. Na ji daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Kowa ya ce a tura masa, na tura. Matar Malam Lukman 'yar Shagari ce. Na san haka lokacin da nake danna wayar.

Ba wanda ya faɗa wa Badaru. An dai riƙa tambayarsa inda ake ɗinka hula mai kyau, ana ƙyafta ido, shi yana ba da amsa tsakaninsa da Allah.

Ranar Juma'ar da zai ɗauko Nusaiba ya zo da sabuwar shadda, ya ce ni zan raka shi, ni ne aminin da ya rage masa. Na tayar da babur.

Mun iske Inna Safiyya a tsakar gida kan tabarma. Badaru ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa, kai a ƙasa.

"Inna, mun same ku lahiya?"

Ta juya ta ce, "Nusaiba, taho ga ubanki."

Yarinyar ta fito. Ba jaka, ba ƙunshi. Waya ce a hannunta. Ta tsaya a kansa ta kunna, ta ƙure ƙarar. Shewar Turawan nan ta cika gidan, har kaji suka watse. Ba ta kashe ba sai da aka kai ƙarshe.

"Baba, kai na?"

"Ni na."

"Ran da Ummata ta rasu na?"

"Ran nan na. Nusaiba, tsaya ki ji…"

"Ka ce min ka yi mata kuka." Muryarta ba ta ko rawa. "Kullum kana ce min ka yi mata kuka. Na yarda. Har na ji tausayinka. Ashe albasa kake yanka."

"Kukan ke nan, ɗiyata! Shi na kika gani! Wallahi na uwarki na!"

"Da hula?"

Inna ta ce, "Ɗiyata na cikin likkafani, kai kana ma kahirai wasan biri."

Sai Badaru ya juyo gare ni, yana kan gwiwa har lokacin. Bai san ni ne ba, ko kuma ya sani bai da wani sai ni. Ya ce, "Mansur, ka san ni tun muna tsirara. Faɗa mata. Albasa ta taɓa sa ni hawaye? Sau ɗaya? Faɗa mata don girman Allah."

Nusaiba ta dube ni. Ta yarda da ni, yarinyar, ni ne na goya uwarta zuwa asibiti. "Baffa Mansur, gaskiya na?"

Kalma ɗaya ce. In na faɗe ta, za a tambayi yadda na sani na yi shiru, za a tambayi wayar da abin ya fito. Ga Inna na kallona, matar da ke sa min albarka duk inda aka ambaci sunana. Kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, har a lokacin ban gaji da ganinsa a durƙushe ba.

Na ce, "To, ɗiyata, wa albasa ba ta sa hawaye?"

Ta gyaɗa kai. Ta koma ɗaki ta saki labule. Inna ta miƙe ta naɗe tabarmarta, ta ce kada ya ƙara ɓata man babur ranar Juma'a.

Na ɗauka zai kai min duka a waje, ko ya tafi da ƙafa. Bai yi ba. Ya sa takalminsa, ya hau bayana, ya riƙe ƙarfen baya maimakon kafaɗata.

Na karkata madubin babur yadda zan riƙa ganin fuskarsa. Tun daga Shagari nake leƙawa, a kowane rami, a kowace kwana, sau biyu na kusa afka wa amalanke. Na ce yanzu ne hawayen zai zubo, na ce in mun wuce gonakin nan ne. Har muka shigo Boɗinga idon nan a bushe yake ƙaf.

Na sauke shi a ƙofar gidansa. Ƙofar sabon ɗakin a buɗe take, ana hango giwar a kan gado. Ya tsaya yana kallon ta, sannan ya juyo ya dube ni ta cikin madubin da na manta ban gyara ba.

"Ka bar duba, Mansur," ya ce. "Sau guda akan ci wasan, kuma an riga an ci."