Labulen Yusha'u Mai Hoto

A shekarar 1976 Yusha'u mai hoto ya yanke shawarar canza labulen da mutane ke tsayawa gabansa a shagonsa na Kawo. Kowane mai hoto a Kaduna jirgin sama ne a labulensa, ko gidan bene. Shi ruwa yake so, mai faɗowa daga kan dutse.

Ya kai aikin wajen abokinsa Ɗanjuma, mai yi wa manyan motoci zane a bayan tasha. Bayan mako guda Ɗanjuma ya kawo. Yusha'u ya warware yadin, ya daɗe yana kallo.

"Ɗanjuma, wannan ai famfo ne ya fashe."

"To ni ina na taɓa ganin ruwa na faɗowa daga dutse?" in ji Ɗanjuma, ko a jikinsa. "Kai ni in gani. In na gani sau ɗaya, an gama."

Ranar Asabar Yusha'u ya ari Fijo ɗin yayansa. Matarsa Hansai ta cika musu kwano da dambun nama. Suna idar da sallar asuba suka kama hanyar Kafancan, inda ruwan Matsirga ke faɗowa daga kan dutse. Hantsi ya yi sosai kafin su ajiye motar a bakin wata gona, suka gangara da ƙafa cikin kurmi. Tun ba su ga komai ba suka fara jin rugugi, ƙasa kuma ta yi laushi, ganye duk a jiƙe.

Da suka fito fili Ɗanjuma ya tsaya cak. Ruwa ne fari fat yake zubowa daga can sama, yana dukan duwatsu, feshinsa na tashi kamar hayaƙi. A ƙasa ya taru a kwarmin dutse wuri uku, na kusa da su har ana ganin tsakuwar ciki.

Yusha'u ya fito da kyamara domin ya ɗauki hotunan da Ɗanjuma zai kwaikwaya. Ya matsa, ya ƙara matsawa, sai santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin ruwa. Ya miƙe ba rauni, amma kyamarar ta sha ruwa.

"Shi ke nan, fim ya lalace," ya ce, ransa a ɓace. "Mun yi tafiyar banza."

"Wa ya ce maka hoto na zo nema?" Ɗanjuma ya tuɓe riga. "Je ka shanya kayarka. Bar ni da shi."

Ya shiga kwarmin farko, ruwa iya ƙirji, sanyi ya sa shi yin kabbara da ƙarfi. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya duba. Ya shafa gansakukar da ke jikin dutse. Ya zaga gefe ya kalli yadda ruwan ke rabuwa kafin ya iso ƙasa. Da ya fito ya zauna kan wani falalen dutse, ya fi awa yana kallon ruwan.

Suka yi alwala a nan, suka yi azahar, suka buɗe dambu. Sai Ɗanjuma ya ce, "Kuskurena shuɗi na sa. Babu shuɗi ko ɗigo. Fari ne, da baƙin dutse a bayansa. Kuma hotonka baƙi da fari ne, saboda haka duhun nan shi zai fito da ruwan."

"Ka tabbata za ka tuna?"

"Kwana huɗu. Ka share bango."

Ran Laraba ya kawo labulen, suka kafa shi tare. Yusha'u ya ja da baya har bakin ƙofa, ya gyaɗa kai kawai.

Wadda ta fara shigowa wata dattijuwa ce daga Unguwar Kanawa, Iya Uwani, tana son hoton da za ta aika wa 'yarta a Jos. Yusha'u ya nuna mata inda za ta tsaya. Ta dubi labulen, ta dubi ƙasa, sannan ta ɗan tattare bakin zanenta sama da idon sawu.

"Iya, saki zanenki, ba zai jiƙe ba," in ji Yusha'u yana dariya.

"Na sani, ɗan nan. Ɗauka a haka."

Ya ɗauka a haka.